Katunan Kawu daga Garin Kuza

A unguwar Nima ta Akara, lokacin ƙuruciyarmu, wasiƙa ba ta san ƙofar gidan kowa ba. Lunguna ba suna, gidaje ba lamba. In baƙo ya zo neman wani sai a ce masa ya bi bakin kwata har ya ji ƙamshin ƙosai, sannan ya yi tambaya. Duk layinmu akwatin gidan waya ɗaya gare mu, na wani Alhaji mai kanti da yake ɗaure mabuɗin a jikin carbinsa. Ran Juma'a in an sauko masallaci sai ya biya ya kwaso wasiƙun jama'a, ya zauna kan benci a ƙofar kanti yana rabo. Wadda ke cikin ambulan ba ya taɓa ta, amana ce. Amma katin da ya zo a buɗe, hoto a gaba rubutu a baya, wannan a ganinsa an aiko ne don kowa ya karanta. Tun kafin mahaifiyata ta ƙaraso za ka ji ya ɗaga murya: "Hajiya, Autanku na gaisuwa. Ya ce sanyi na nan, kuma goron da kika aika ya ƙare." Sai Mma ta karɓa da murmushin dole, ta soke katin a bakin zane, labari kuwa ya riga ta isa gida.

Autan nan shi ne Kawu, ƙanen Mma ciki ɗaya. Haƙar lu'ulu'u yake yi a Akwatiya, sai da salla yake zuwa mana, da takalmi mai ƙara da rediyo a hammata. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Ban wuce shekara goma ba a lokacin, don haka ba doka na riƙe ba, manyan motoci na riƙe, cike da katifu da tukwane da tsofaffi a zaune bisa kaya, da mata suna sayar da keken ɗinki a wulaƙance, da gidajen da aka wayi gari ba hayaƙi a cikinsu. Mu takardun Baba na tsohon soja suka rufa mana asiri, don ya yi yaƙin Bama. Kawu ko ƙyallen takarda ba shi da shi. Kakanninmu hanyar goro suka biyo daga ƙasar Kano, amma shi bai taɓa ganin Dala da idonsa ba, bai kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa a can ba. Ya ce wa Mma, "Yaya, hannuna haƙa ya iya. Inda ake haƙa can zan nufa." Aka ce masa to ai Jos ce, garin kuza.

Sai bayan yaƙin basasar Najeriya ya ƙare a farkon 1970 katin farko ya iso. Ba mai launi ba ne. Wani ƙaton rami ne a hoton, mutane sun yi jerin gwano suna hawowa daga cikinsa, maza da mata, kowa da kwanon ƙasa a ka, a can nesa kuma wani Bature da malafa ya riƙe ƙugu. A ƙasan hoton an rubuta layi ɗaya da Turanci. A baya Kawu ya cika gefen hagu da ajami, ƙanana ƙanana don ya ci ribar fili, a gefen dama kuma wani ya rubuta masa adireshin Alhaji da boko. Mma ta ce ta san dalilin kati: kan sarkinsa ya fi na wasiƙa arha, Auta kuwa tun yana yaro ba ya sakin kwabo sai ya ji kukansa.

Daga nan suka yi ta zuwa, wani lokaci a jere, wani lokaci sai an fid da rai. Akwai na wani ƙaramin jirgin ƙasa yana fitar da hayaƙi a gindin dutse. Akwai na injin haƙa mai dogon wuya, wanda mutumin da ke tsaye kusa da shi bai kai tsawon haƙorin bokitinsa ba. Akwai na duwatsun Riyom, manya manya an ɗora wani kan wani, muka shafe mako muna gardamar ko aljanu ne suka jera su, har malaminmu na allo ya raba gardamar da dorina. Masu launin su suka fi tafiya da hankalinmu. Da hannu aka shafa musu launi, wanda ya shafa kuma bai yi rowar shuɗi ba: sama shuɗiya shar, ciyawa kore shar, hanya fes ba ko leda. Mma tana ajiye su cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gado, tare da kafur da 'yan kunnenta na aure, shi ya sa har yau in na ji warin kafur Jos ke faɗo mini a rai, garin da ban san ƙamshinsa ba a lokacin.

Ka tuna inda muke kallon hotunan nan. Ɗaki ɗaya ne rufin kwano, zafi na sauka ta sama, danshin teku na tasowa ta ƙasa. A tsakar gida ana dafa wake da shinkafa da karan dafi, maƙwabciyarmu Bagaya tana soya kifi, hayaƙin gawayi da warin kwata suna kokawa a ƙofa. 'Yan kamashon tirotiro na ihun Nima da Mamobi, almajirai na rera karatu, jirgin sama ya taso daga filin Kotoka ya ratsa ta kanmu har kwanon rufi ya amsa. Ruwa sai mun tafi neman famfo wajen Kanda da bokiti. A cikin wannan hali ne Kawu yake rubuto mana cewa a garinsu ruwan randa da asuba cizo yake yi, mutum sai ya ɗumama kafin ya yi alwala, kuma in ka yi magana hayaƙi ke fita bakinka. Mu da hunturunmu bai wuce leɓe ya ɗan tsage ba, muka ɗauka ƙari ne irin na matafiya. Yayana ya ce in da gaske ne Kawu ya aiko mana da kaɗan a kwalba.

Wani malaminmu na makarantar boko ne ya fara haɗa mana garin da hannunmu. Ya kama mu muna yanka gwangwanin madara muna ƙera motoci, tayoyi na silifas, sitiyari na waya. Maimakon duka sai ya ɗaga gwangwanin ya nuna mana ƙyallin cikinsa, ya ce ƙarfe ne aka shafe da kuza don kada ya yi tsatsa, haka na sardin, haka na tumatir. Na dawo gida ina ta fankama cewa Kawuna ne ke haƙo cikin gwangwani. Kwana biyu kowace mota aka ƙera a layinmu sai an ba ni na fara ja.

Akwai wani tsoho a gidanmu, mutumin ƙasar Sakkwato, yana gadi a gidan wani Bature a Kantomanti, da rana kuma yana barci a zaure. Ba mai magana ba ne. Wata rana na kai masa katin ramin nan ina yi masa bayani irin na yaro, sai ya karɓa ya matso da shi kusa da ido, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ɗan nan, ni na ɗauki kwanon nan." Ashe yana cikin waɗanda aka kwasa aikin tilas lokacin yaƙin Hitila. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942 Ingila ta rasa inda take samun mafi yawan kuzarta, sai ta juyo kan Jos, aka rarraba wa sarakuna da hakimai adadin mutanen da kowa zai kawo. Aka ɗebo manoma daga ƙasashe masu zafi aka hau da su tudun da ya fi mita 1,200, da 'yar riga ɗaya a jiki. A 1943 abin da aka haƙo ya haura tan 17,000, ba a taɓa kai haka ba, ba a kuma sake ba. Tsohon bai san wannan lissafi ba, ni ma sai daga baya na karanta. Abin da ya sani shi ne bukkar ciyawa da iska ke ratsawa, da tari, da wanda kuka kwanta tare da shi ka tashe shi da asuba bai motsa ba. Ya ce da dare ya gudu, bai tsaya ba sai da ya ga teku. Baba yana gefe yana jin mu, ya ce, "Ashe yaƙi ɗaya muka yi, Malam. Ni aka ba ni lambar yabo, kai aka ba ka tari." Suka yi dariya su biyu, tsohon ya miƙo mini katin ya gyara kwanciya.

Tun daga ranar na kan tsaya kan fuskokin da ke cikin jerin nan. Mai hoton ya rubuta sunan kamfani da sunan wuri, bai rubuta sunan ko mutum ɗaya ba. Ba don su aka buga katin ba, don wani injiniya ne ya aika wa uwarsa a Ingila ta ga inda yake aiki. Amma ga shi ya zagayo ya faɗo hannun ɗaya daga cikinsu a wani zaure a Nima.

Da muka ƙara wayo sai Mma ta ce abin kunya ne kullum mu ne masu karɓa. Ta ba ni kuɗi na shiga gari wajen babban gidan waya in sayo katin Nima a aika wa Auta, ya ga gida. Na duba kaf. Ga ƙofar 'yancin kai mai baƙin tauraro, ga fadar Osu a bakin teku, ga hasumiyar Jamestown, ga otal ɗin Ambasada, ga tashar jiragen ruwa ta Tema. Na tambayi mai sayarwa ina na Nima, ya dube ni sama da ƙasa ya kira abokinsa ya ce in maimaita. Ƙarshe na sayi na madatsar ruwan Akosombo don ya fi kowanne girma. Amsar Kawu ta zo bayan wata biyu, Alhaji ya karanta wa duk layi: ya ga dam, ya yi kyau ƙwarai, yana tambaya ko wutar ta iso ɗakinmu ko har yanzu aci-bal-bal ce.

Sai a 1988 na taka Jos. Na bi ta Aflawo da Lome da Kwatano da Legas, daga can na hau motar arewa. Da muka fara hawan tudu kunnuwana suka toshe, wata iska ta shigo ta taga, na janyo rigar sanyin da na ara ina neman gafarar Kawu a zuci. Duwatsun suna nan yadda na san su, har na riƙa gaishe su da ido. Sauran kuwa sai a hankali. Na tambayi wani dattijo a mota ina ƙaramin jirgin nan yake tsayawa, ya ce, "Na Zariya? Ai tun 1957 aka daina shi." Wato tun kafin a haife ni. An shimfiɗa shi ne don kwasar kuza, ya iso tudun a 1914, da babban layin dogo ya zo ta Kafanchan a 1927 sai ya fara zama saniyar ware, har aka nannaɗe shi.

Na sami Kawu a Bukuru, a bakin tasha, da teburin shayi. Ya yi furfura, ya ɗaura rawani har kunne, yana fasa ƙwai da hannu ɗaya. Bai gane ni ba sai da na ce goron ya iso. Ya rungume ni yana kuka yana dariya, ya haɗa mini shayi da madara har cokali na tsayawa, ya hana kowa biyan kuɗi a wannan safiya, abin da matarsa ta ce ba ta taɓa gani ba tun da aka ɗaura musu aure.

Da dare, muna jin ɗumin gawayi, kuntigin Ɗan Maraya na tashi daga wata tsohuwar kaset, ya ba ni labarin da bai taɓa shiga bayan kati ba. Ya iso ne kasuwa na watsewa. Kuzar da ke kusa da sama an riga an kwashe, manyan kamfanoni irin su Amalgamated suna rage ma'aikata, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, Turawa suna haɗa kaya. Ya yi lebura a Bisichi, ya yi a Sabon Gidan Kanar, ya gangara Barikin Ladi, ya koma wankin ragowar ƙasa a bakin rafi ana saye da kwano. Da farashi ya faɗi warwas a kasuwar Landan a 1985 ya riga ya daɗe da sayen butar shayi. Ya ce abin dariyar ma, a Gana an kore shi don ɗan Najeriya ne, a nan kuma kowa Ɗan Gana yake kiransa, har da gwamnatin Shagari ta kori 'yan Gana a 1983 sai da ya yi kwanaki bai fito da tebur ba, don bai san ina kuma za a ce ya koma ba.

Na ce, "To Kawu, katunan fa? Jirgin da ka aiko mana ashe ba ka taɓa ganinsa ba." Ya ce shi ma a kati ya san shi. Wani kantin littattafai ne a cikin gari yake kwashe tsofaffin kaya, ya tarar da su cikin kwali ƙura ta rufe, ya saye gaba ɗaya a kuɗin da bai kai na tuwon kwana biyu ba, ya riƙa zaro ɗaya ɗaya. "Me kake so in aiko wa Yaya? Hoton ɗakina? Ta ga dutse da jirgi, ta yi barci." Ya juya garwashi ya ƙara da cewa, ai bai yi ƙarya ba, sanyi dai ya ce akwai, kuma ga shi ina ji.

Washegari ɗansa ya zaga da ni. Ramukan da na sani a hoto duk sun cika da ruwa, sun zama tafkuna masu zurfi, lumui, jan tudun ƙasa a gefensu. Manoman rani suna jan ruwan suna shuka kabeji da karas da dankalin Turawa, iyaye kuma suna gargaɗin yara kada su kusanta, don sun ci mutane da shanu ba kaɗan ba. Birom, mutanen ƙasar da suka ba da gonakinsu, ko aka karɓe, su aka bar wa ramukan. Na ga wani injin haƙa ya durƙusa cikin ciyawa, tsatsa ta cinye shi, awaki na kwance a inuwarsa. Mun wuce ta masana'antar narka kuza ta Makeri, muka shiga gidan tarihin da Bernard Fagg ya buɗe a 1952, inda na tsaya gaban kawunan yumɓun Nok masu huda a ido. Su ma masu haƙar kuza suka fara tono su a 1928, ba nemansu ake yi ba. Muka ƙare a sabuwar kasuwar Taminus, wadda a lokacin duk mutumin Jos yake alfahari da ita, na sayo wa Mma acca da rigar sanyin da ba za ta taɓa buƙata a Akara ba.

Kawu ya rasu kafin rikicin da ya ɓarke a Jos a Satumba na 2001, kafin kuma gobarar da ta cinye kasuwar Taminus a 2002. Ban taɓa zaton zan gode wa Allah da ya ɗauki mutum da wuri ba, amma teburinsa kowa ke zama a kai, Birom da Bahaushe da Ibo da Bayarabe, kuma na san da ya ga abin da ya biyo baya da shayin ya daina yi masa daɗi. Katunan sun riga sun daina zuwa tun kafin nan. Waya ta shigo, muna zuwa shagon buga waya muna ihu cikin marikin minti uku, ana gaisuwa ana duban agogo. Yanzu jikokinsa suna turo mini hotuna ta WhatsApp, su zo da safe, kafin la'asar sun nutse ƙarƙashin wasu. Wani jikana ya nuna mini irin katunan nan ana gwanjonsu a intanet da dala, masu tara kayan tarihi na rububi. Na ce da Kawu ya sani da ya bar haƙa ya riƙe kwalin, shi ne kaɗai ma'adinin da ya taɓa samu a Jos.

Abin da ke ɗan sosa mini rai yanzu ba Jos ba ce. Ita ko ba komai an ɗauke ta hoto, ko da don wasu aka ɗauka. Ina iya nuna wa yaro jirgin da aka daina tun 1957, amma ba ni da abin da zan nuna masa na Nimar da na tashi a ciki. Unguwar da Malam Amadu Futa ya kafa a farkon shekarun 1930 ta cika ta batse ba wanda ya ga ta isa a sa ta a kati. Babban titin da aka fasa a shekarun 1970 ya bi ta kan gidajen abokaina da filin da muke buga ƙwallo ba takalmi. Silimar Duniya, inda muke leƙen fim ɗin Indiya ta kafar katanga, sai dai a baki. Kantin Alhaji ya zama shagon sayar da kati na waya, zauren tsohon maigadi an toshe shi an yi ɗakin haya. Ban ce a koma wa bokitin ruwa da aci-bal-bal ba, wanda ya ɗauka ya san nauyinsa. Yau ga bene, ga masallacin ƙasa da aka buɗe a Kanda a 2021 yana haskawa har daga nesa, baƙi suna tsayawa suna ɗaukarsa hoto. Sai dai in na ce wa jikokina a nan rijiya take, a nan mai koko ke zama, kallon da muka yi wa Kawu kan zancen sanyi shi suke yi mini.

Na san akwai gidaje a Nima da Mamobi da Sabon Zango da har yanzu ke da hoton suna ko na biki ko na rakiyar alhazai a ƙasan akwati, waɗanda masu hoton da ke yawo da kyamara suka ɗauka, a bayan mutanen kuma ana hango lungu ko katanga ko bishiyar da babu ita yau. Don Allah a fito da su tun masu gane fuskokin suna da rai. Ku kuma samari masu waya a hannu, ku ɗauki kasuwar Laraba, ku ɗauki mai cincinga da mai wankin hula da layin koko da asuba, ku kai a wanke muku a takarda, sannan ku juya baya ku rubuta shekara da sunan wurin da sunan kowa da ke ciki, da boko ko da ajami.